Liƙin Malam a Bikin Hawai

Saura wata guda a yi bikin aka soma manna hotunansa ko'ina cikin otal ɗin da nake aiki, har a jikin lif ɗin ma'aikata, inda babu mai gani sai mu da ba za mu sayi tikiti ba. Hoton wata mata ce da fure a kunne, teku a bayanta, an rubuta cewa makaɗa da masu rawa za su taso daga Hawai su yi mako guda suna wasa a bakin ruwa. Ni a lokacin ban ma san inda Hawai take ba. Na tambayi wani ɗan Filifin da muke sashe ɗaya, ya ce ƙasar Amurka ce amma can tsakiyar teku, na ce to Allah ya kawo su lafiya. Abin da na sani shi ne, duk wayar da za ta kai kiɗansu kunnen mutane ni zan ja ta cikin rairayi, ni kuma zan naɗe ta in an tashi.

Aikina ke nan a Dubai a shekarun nan: lasifika, makirfo, waya, da teburin nan mai maɓallai da ake daidaita sauti a kansa. A cocinmu na koya, a Kafanchan, inda nake kaɗa jita ranar Lahadi, in kayan sauti sun yi gardama kuma ni ake kira. Daga nan na yi ta bin masu biki da masu taron siyasa, har wani ya ce min a Dubai ana neman irina. A gida mutane cewa suke yi ai wane yana ƙasar Larabawa yana injiniya. Ban taɓa ƙaryata su ba, don ban ga amfanin gaya wa matata cewa rabin injiniyancin nan kakkaɓe yashi ne daga jikin waya ba.

A Muhaisnah muke kwana, unguwar leburori da aka fi sani da Sonapur, mu takwas a ɗaki. Biyar da rabi na asuba bas yake ɗaukarmu. In hanya ta yi kyau awa ɗaya da rabi ce zuwa otal, amma ban tuna ranar da ta yi kyau ba, don lokacin ko'ina gini ake yi, ko'ina an toshe an karkatar. Na koyi barci a zaune, goshina a jikin kujerar gaba. Gajiyar shekarun nan ba irin wadda ake kwana a tashi babu ita ba ce. Da ita nake tashi, da ita nake cin abinci, har waya in na buga gida 'yata ta fari takan ce, "Baba, barci kake yi?"

To a kan wannan gajiyar aka ɗora mana bikin Hawai. Kafintoci suka gina rumfunan kaba a bakin ruwa, kabar ma ta roba ce. Aka raba mana riguna masu zanen manyan furanni, tawa ta yi min yawa sai ka ce na ara. Aka tara mu a ɗakin taro aka koya mana gaisuwarsu, wai duk baƙon da muka haɗu da shi mu yi murmushi mu ce "aloha". Sai ka ga mutumin Nepal da na Indiya da ɗan Kafanchan sun jeru a ƙasar Larabawa suna yi wa Bajamushe gaisuwar mutanen Hawai. In ba don gajiya ba da mun yi dariya.

A wannan taron ne ogan sashenmu, wani dogon Bature da ba ya ɗaga murya, ya tsayar da mu uku masu kula da sauti bayan kowa ya fita. Ya ce kwantiraginmu duka zai ƙare bayan bikin, kuma mutum biyu kawai za a sabunta wa. Ya ce shi ba ya son zaɓe, makon bikin ne zai zaɓa masa, wanda matsala ta fito ta wajensa ya san sauran. Ya faɗi haka ne yana duba agogo. Ni kuwa ina da 'ya'ya mata biyu a makaranta, ga uwata da ciwon ƙafa, in babu kwantiragi babu biza, in babu biza sai jirgi. Tun daga ranar ko waya na taka sai na waiga in ga wa ya gan ni.

Juma'a ce ranar hutuna. Da safe in je coci, don a ƙasar ranar Juma'a ake zuwa, daga can in hau bas zuwa Al Buteen, tsohuwar unguwar nan ta bakin mashigin ruwa da 'yan kasuwarmu suke sauka. Akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi da take tuƙa tuwo a wani gida a saman shaguna, miyar kuka da busasshiyar kuɓewa, a zauna a ƙasa a ci. A nan na san Malam. Dattijo ne mutumin Damagaram, siriri, ya haura sittin. A ƙasarsu malamin makaranta ne shekara da shekaru, a Dubai kuwa ɗaure kaya yake yi wa masu aika kwantena: ya naɗe kwali da salatif, ya rubuta sunan mai kaya da wani rubutu mai kyau da ya fi ƙarfin kwali. Shi Musulmi ne da ba ya wasa da salla, ni Kirista, amma tun ranar da ya ji Hausata ya matsa min wuri kusa da shi. Yakan ce min Injiniya in yana son tsokana, in kuma maganar gaske ce ya ce ɗana. Ni Baba nake ce masa.

Makaɗan sun aiko da faifan sidi tun kafin su zo, don mu san irin kayan kiɗansu. Na sa shi a ɗan rediyona na aljihu ina ji a bas, ba don yana burge ni ba, don kada in yi kuskure. Wata Juma'a bayan mun wanke hannu, Malam ya ga iyafis rataye a wuyana.

"Injiniya, me kake ji ne haka kullum? Wa'azin fastonku?"

"Aiki ne, Baba. Kiɗan wasu mutane ne da za su zo otal ɗinmu."

"Kawo in ji abin da Turawa suke biyan kuɗi a kai."

Na sa masa a kunne. Da farko yana murmushi, yana kaɗa kai don ya ba mutane dariya. Can sai murmushin ya ɗauke, ya sa hannu ya danne iyafis ɗin, ya yi kasaƙe. Hajiya ta yi masa magana bai ji ba. Waƙa ɗaya ta ƙare, ya yi min alama da yatsa in maido ta.

"Wannan mai kukan, mene ne?"

Na gaya masa jita ce, amma ba a rungume ta yadda muka saba. Kwantar da ita ake yi a cinya, a riƙa goga wani ɗan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyin, shi ya sa sautin yake zamewa daga wannan murya zuwa waccan ba ya tsalle.

"Non," in ji shi da Faransancin ƙasarsu. "Wannan goge ne. Ko da me suka yi shi, goge ne." Ya cire iyafis ɗin ya miƙo min. "Ubana mai goge ne, ka sani?"

Ban sani ba, kuma daga yadda mutanen wurin suka ɗago kai na gane su ma ba su sani ba. Wani ɗan kasuwa ya ce, "Ashe Malam ɗan makaɗa ne, shi ya sa salatif ɗinsa yake da amo." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Da zan tafi ya rako ni har bakin titi, abin da bai saba ba, ya tambaye ni ko irinsa yana iya shiga wurin.

An ba kowane ma'aikaci tikiti ɗaya na wasan rufewa, ranar Juma'a da la'asar. Na baƙi farare ne, namu masu ruwan ɗorawa, kujerunsu can baya a gefe. Babu suna babu lamba a jiki, amma Oga ya ce duk wanda ka kawo alhakinsa a wuyanka yake. Yawancin abokan aikina ba su da wanda za su ba. Ni na kai wa Malam nawa, ya karɓa da hannu biyu ya sa a cikin hularsa. Na kwatanta masa bas ɗin da zai hau da ƙofar da zai shiga, na ce ya zo da ruwan sha don na ciki tsada gare shi. Na gaya masa komai, ban da abu ɗaya da ya kamata in gaya masa. Ni da na girma a gidajen biki, na san abin da Bahaushe yake yi in kiɗa ya ratsa shi, amma ko kusa bai zo min a rai ba. Kaina ya cika da waya.

Makaɗan suka iso, su shida da mata huɗu masu rawa. Mai jitar cinyar wani tsoho ne ƙato, fari fat a ka, ba ya sa takalmi a kan dandamali. Ranar gwaji ya sauko da kansa ya zo teburina ya ba ni hannu, ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada in ƙara masa ƙarfi, wai jitarsa ba ta son ihu. A shekara biyu da na yi a otal ɗin, shi ne makaɗi na farko da ya nemi a rage shi. Kwana shida muka yi ba matsala ta wajena. Ɗan Filifin ɗin nan, wanda yake cikin mu ukun, makirfo ya yi masa ƙara sau ɗaya ranar Talata, na ga Oga ya rubuta wani abu a takarda, kuma Allah ya yafe min, daɗi na ji.

Ranar Juma'a ni aka ba teburin sauti. An kafa shi a tsakiyar 'yan kallo ƙarƙashin wata laima, ina ganin dandamali gaba da gaba, Oga yana tsaye bayana. Rana ta yi sanyi amma da sauran zafi, ga fitilu an kunna wa makaɗan, duk sun jiƙe da gumi. Wajen huɗu da rabi na hango Malam. Ba ka buƙatar nema: cikin ɗaruruwan mutane masu gajeren wando da rigar furanni, shi kaɗai ne da babbar riga fara ta sha sitaci, da hula ja ta mutanen ƙasarsu. Daga masallaci ya wuto. Ya zauna a kujerarsa ta baya, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ya gan ni, amma bai ɗago min hannu ba, ya san ina bakin aiki.

Aka yi rawa, matan nan suna lanƙwasa hannu a hankali. Aka yi waƙoƙi masu sauri da ƙananan jitocinsu, baƙi suna tafi suna ɗaukar hoto. Sannan sauran suka ja baya, aka bar tsohon shi kaɗai a kan kujera, ya soma waƙar nan da Malam ya sa na maido masa. A fili ta fi faifai nesa ba kusa ba. Wurin ya yi tsit, har masu raba lemo suka tsaya. Ni kaina na manta da gajiya na ɗan lokaci, na tuna da uwata tana tankaɗe a tsakar gida, ban san me ya haɗa su ba.

Sai na ga farin abu yana motsi ta gefen idona. Malam ne ya taso, ya biyo ta tsakiyar kujeru, ba sauri ba nawa, ya naɗe hannun rigarsa ɗaya a kafaɗa, ɗaya hannun yana cikin aljihu. Kafin ya zaro hannun na san abin da ke ciki.

Ya taka matakala uku ya hau dandamali, ya ɗan rusuna, ya zaro sabuwar takardar kuɗi ya manna wa tsohon a goshi. Ta zauna daram, don goshin ya jiƙe. Tsohon ya ɗago ido, hannunsa bai tsaya ba. Malam ya zaro ta biyu. A gida da yanzu wata ta rangaɗa guɗa, da mai kiɗa ya juya waƙar ya sa sunansa a ciki. A nan wata mata ce ta yi ƙara a layin gaba, sai ga masu gadi biyu sun haura a guje, ɗaya ya kama hannun da ke riƙe da kuɗin, ɗaya ya cafki rigar ta baya. Hularsa ta faɗi. Ban ji abin da yake cewa ba, amma makirfon tsohon ya ɗauko kalma ɗaya ta fito ta lasifikata sarai: "Pardon."

Oga ya sunkuyo kaina ya ce, "Ci gaba, kada ka taɓa komai." Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wannan kuma wa ya kawo shi?"

Taku ashirin ne tsakanina da dandamalin. Turancina ya isa in ce wannan baƙona ne, ubana ne, ba cutarwa ya zo yi ba, girmamawa ce irin tamu. Na san kalmomin duka. Na sunkuyar da kai na zuba wa maɓallai ido, na riƙa taɓa wani da ba a haɗa shi da komai ba. Suka biyo da shi ta hanyar da ya zo, wato ta gefen teburina, har na ji ƙanshin turarensa. Bai dube ni ba. Ɗaya mai gadin yana riƙe da hular kamar bai san me zai yi da ita ba.

Tsohon ya kai waƙarsa ƙarshe da kuɗin a goshi. Mutane suka yi tafi, wasu suna dariya, sun ɗauka ko cikin wasan ne.

Da aka tashi, kafin mu soma kwance kaya, shugaban masu gadi ya tara ma'aikatan da suka yi aiki a wurin. Ya ɗaga tikitin mai ruwan ɗorawa ya ce na ɗayanmu ne. Ya ce mutumin ya ce wai a tashar bas ya tsince shi, bai san kowa a nan ba, sun duba takardunsa lafiya lau, sun raka shi bakin titi. Amma in akwai wanda ya san shi, ya faɗa. Mu baƙaƙen fata a wurin ba mu fi biyar ba, kuma ni kaɗai ne daga yammacin Afirka. Na ji idon Oga a kaina. Na ce nawa tikitin tun makon jiya na neme shi na rasa, wataƙila a bas ya faɗi. Ban san ina da ƙaryar a baki ba sai da na ji ta fito. Oga ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas, shi ke nan, a kwashe kaya."

Ina durƙushe ina naɗe waya a gefen dandamali sai na ga ƙafafu ba takalmi a gabana. Tsohon ne. Ya tambaye ni ina mutumin nan mai farar riga, ya ce ya aika a kira shi aka ce an fitar da shi. Ransa a ɓace yake. Ya ce a wajensu ma in kiɗa ya yi wa mutum daɗi yakan taso har kan dandamali ya rataya wa makaɗi sarƙar furanni a wuya, ba ya jiran a gama, shi ya gane abin da mutumin yake nufi tun kafin ya iso. Ya nuna min jitarsa: ya ninke takardar kuɗin ya soke ta ƙarƙashin tsirkiyoyi can wajen wuya. Sannan ya dube ni ya ce, "Ka san shi, ko?"

Na waiga, babu kowa kusa. Na ce na san inda yake cin abinci.

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya cire sarƙar furannin da ke wuyansa, ta gaske ce ba irin ta robar da aka raba wa baƙi ba, ya miƙo min ya ce in kai masa. Na cusa ta cikin jakar waya don kada a gani.

Mako guda ta yi a firij ɗin ɗakinmu cikin leda, tsakanin robobin miyar mutane. Ranar Laraba aka kira ni ofis na sa hannu a sabon kwantiragi na shekara biyu. Ɗan Filifin ɗin ne ya tafi. Na buga wa matata waya, ta yi ta godiya ga Allah, yara suna ihu a bayanta. Ta ce, "Kai ba ka murna ne?" Na ce gajiya ce, kuma ba ƙarya na yi ba.

Ranar Juma'a na yi ta zagaye a bakin mashigin ruwa ina kallon kwalekwale suna kai mutane suna dawowa, har na ga in ban hau ba tuwon zai ƙare in sami hujjar komawa. Na hau. Labari ya riga ni isa, don ina shiga wurin ya yi shiru. Hajiya ta zuba min ba ta tsokane ni ba. Daga baya ita ta gaya min tun ranar Laraba kafin wasan rufewa Malam ya je wajen masu canji yana neman sababbin takardu, wai ba a yi wa makaɗi liƙi da kuɗin da ya sha hannu.

Yana zaune a wurinsa. Ya matsa min kamar kullum.

"Baba," na ce, "ranar nan..."

"Ci tuwonka tukuna, zai huce."

Na ci abin da zan iya. Da mutane suka ragu na kwance ledar. Furannin sun yi laushi, gefensu ya soma baƙi, ga warin kori ya kama su. Na gaya masa wanda ya aiko da abin da ya ce. Ya karɓa ya juya su a hannu, ya shinshina, ya yi 'yar dariya.

"Mutanen Hawai ma da kori suke miya?"

"Firij ɗinmu ne, Baba."

"Takardar kuɗin ta farko, ta manne? Ban samu na gani ba, suka juya ni."

"Ta manne. Da ita ya gama waƙar. Yanzu haka tana jikin jitarsa."

"Bon," in ji shi. Ya ajiye furannin a cinya. "To ya isa."

Na ce bai isa ba. Na ce ina ganinsa aka kama shi na yi kamar ban san shi ba, kuma da aka tambaye ni na ce tikitina ɓacewa ya yi. Na ce kunya ta hana ni barci.

"Ai na gan ka," ya ce. "Ka sunkuyar da kai kana ta gyaran abin da bai lalace ba. Na ce madalla, yaron nan yana da hankali. An sabunta maka?"

"An sabunta."

"Alhamdu lillahi. 'Yan matan za su yi karatu." Ya cire wani fure da ya mutu daga zaren. "Shekarar da na fara koyarwa, ɗana, aka aiko mana babban mai duba makarantu. Ni aka ce in zaga da shi gari. Ina sanye da kwat, Faransanci yana zuba. Muka biyo ta bakin kasuwa, ga ubana zaune yana goge, mutane sun kewaye shi. Da ya hango ni sai ya juya waƙar, ya soma yi min kirari. Baƙon ya ce wane ne wannan, me yake cewa? Na ce wani maroƙi ne, haka suke yi wa duk wanda ya sa kwat. Muka wuce." Ya kakkaɓe cinyarsa. "Bai taɓa yi min maganar ba har ya rasu. Kowa a garin nan ya yi masa liƙi, ban da ni. Kai kana da 'ya'ya biyu da biza a wuya. Ni kwat kawai gare ni."

Aka kira la'asar a masallacin ƙasa, ya miƙe yana dafa bango.

"Abu ɗaya ne ya dame ni," ya ce yana neman takalminsa. "Tun da na zo ƙasar nan ban yi wa hukuma ƙarya ba, sai ga ni da furfurata ina rantsuwa wai tsintar tikiti na yi a tasha. Voilà. Ka ga abin da kiɗa yake jawo wa mutum."

Ya rataya furannin a wani ƙusa a shagon da yake ɗaure kaya, sama da inda ake jera salatif. Suna nan har suka bushe suka koma kamar zoɓo, ba wanda ya isa ya taɓa. Tsakaninmu babu abin da ya canza da ido zai gani. Ya ci gaba da matsa min wuri, yana ce min Injiniya, yana tambayar 'yan matan.

Na ƙara shekara huɗu a otal ɗin, bas ɗin nan dai, wayar nan dai. Sau biyu aka sake bikin Hawai, aka sake manna hoton matar nan mai fure a jikin lif, tsohon kuwa bai dawo ba. Kowane karo an ba ni tikiti mai ruwan ɗorawa, kowane karo na hau bas na kai wa Malam, na ce wannan karon ni da kaina zan tare shi a ƙofa in kai shi kujerarsa. Yakan karɓa da hannu biyu, ya karanta duk abin da aka rubuta a jiki, sannan ya miƙo min ya ce in ba wani.